Kainuwa Ta Dawo, Obura Bai Dawo Ba

Zuwa ga Yaya Ogutu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da Mama. Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafa, ya sa iskar Mombasa ta karɓe ta. Yara suna nan lafiya lau, ni ce dai hankalina ba ya jikina.

Yaya, kainuwa ta sake rufe tafki, kuma mijina Obura yana ciki. Tun makon jiya ya fita kamun kifi, iska ta juya, ciyawar ta datse hanyar dawowa. Ka tuna bara da mazan garinmu Kendu suka shiga da adduna suka daddatse ta, har aka yi shagali? Ashe kowane guntu da suka sara sabuwar uwa ya zama! Jami'in kamun kifi ya zo bakin ruwa yana ta nanata wata kalmar Turanci. Tsohon malaminmu Nyangweso ya ce tana nufin abu ya sake tashi bayan an ɗauka ya mutu. Wai daga harshen Rumawan dā ta fito, da tashin matattu aka san ta, yanzu har cuta da ciyawa ake faɗa wa. Na ce ya riƙe Turancinsa, ni jirgi mai inji nake so a tura.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne baffanninsa. Sun tsinko ɗan itacen nonon giwa za su binne a madadin gawarsa ranar Asabar, wai don kurwarsa ta daina yawo a ruwa. Baffa Oloo ya ce duk wanda aka yi wa haka, ko ya dawo da ƙafarsa ba zai ƙara shiga gidansa ba. Na ce Obura ya tafi da garin masara, ga ruwa, ga kifi, mene ne na gaggawa? Suka ce mace ba ta da baki a maganar kabari.

Don Allah, Yaya, ka hau mota ka zo, kai za su ji. Ina tsoron ya tsira daga tafki, ya iso ƙofa, al'ada ta sa ni da kaina in hana shi shiga.

Ka gaida matarka Ajwang da yaranka su Owuor. Mama kuwa, kada ta ji wannan labari; in ta tambayi abin da ke damuna, ka ce mata kifi ne ya yi tsada.

Ƙanwarka,
Awuor