Hatimin Baba

Lokkang, 6 ga Janairu, 1923

Zuwa ga Yaya Siuloan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririya. Nan kowa lafiya, ban da ni.

Kin tuna Bunhiong, mai karatun likita? Ya zo hutu, yana bi gida-gida da takardar koken da za a kai Tokyo, a ba mu 'yan Taiwan majalisarmu, Gwamnan Japanawa ya daina yanka mana doka shi kaɗai. Wanda ya yarda sai ya buga hatiminsa. Kin san wa ke riƙe masa kwanon jar tawada? Gwatngo maƙwabciyarmu, wadda ba ta taɓa kai littafi ƙarshe ba! Jiya a bakin rijiya ta miƙo min yatsunta jawur, wai, "Ƙawata, sabulu ya ƙi fitar da shi." Wa ya tambaye ta?

Baba ya ƙi bugawa, don an ce za a ƙwace lasisin duk mai sayar da gishiri irinsa da ya buga. Yana barcin rana na zare hatimin daga aljihunsa, na kai musu. A littattafan soyayyar da nake karantawa, nan ne saurayi ke ɗago kai ya ga yarinya. Ya ɗago kuwa, ya ce, "Gaida Baba, namijin duniya ne." Gwatngo ce ta karɓa ta dangwala.

Ki ƙona wasiƙar nan.

Ƙanwarki,
Siukim

Lokkang, 2 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaisuwa, ya jikin jaririya?

Ɗan sanda ya zo shago da jerin sunaye. Baba ya daɗe yana duba takardar, sannan ya dube ni, ina tsaye da butar shayi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na buga." Nan take aka sauke allon lasisin gishirinmu. Har yau bai ce min kanzil ba.

Shekaranjiya muka raka masu kai koken tashar jirgi. Mutane sai jinjina wa Baba suke, Bunhiong ya rusuna masa har ƙasa. Gwatngo aka zaɓa ta miƙa furanni, da sabuwar riga, tana wani lanƙwasa wuya.

Ga abin da na kasa faɗa wa kowa. Baba na gefena, shekara ashirin na sana'arsa sun tafi saboda ni, amma ni hannun Bunhiong nake kallo, ko zai taɓa nata.

Ki zo gida, Yaya. Ba zan iya durƙusa wa Baba in nemi gafara ni kaɗai ba.

Ƙanwarki mai kewarki,
Siukim