Kawu Ya Ga Ruwan Wani Kamfani a Gidana

Anti Asama'u, don Allah ki taimake ni da shawara, raina ya gama ɓaci.

Ina aiki a kamfanin ruwan leda, wato fiya wata, na kawuna Mu'awiya, nan Lafiya. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya kai ni na koyi aiki, ban manta ba. Ni ke kula da ƙaramin famfon da ke ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin tanki. Kafin a tayar da inji sai na fitar da iskar da ke cikin tiyo, na gwada da ruwa zalla ko akwai yoyo, sannan na murɗa kan famfon a hankali yana aiki har awon ya daidaita. Abin ba wasa ba ne, cikin mutane ruwan yake zuwa.

To, wani dila daga Shabu ya ce ruwanmu yana warin magani. Shi ke nan! Da na juya baya sai Kawu ya lallaɓa ya murɗe kan ya koma ƙasa, famfon ma a kashe, abin da ke lalata shi. In gyara, ya ɓata. Na yi magana, ya ce wai ƙwai ya fi kaza wayo. Ga damina, ga bohol ɗinmu kusa da kwata. Sai na ce wa matata Rekiya kada yarana su ƙara shan ruwanmu, ta riƙa sayen na wani kamfani.

Ran Juma'a Kawu ya zo gaishe mu. Rekiya ta kawo masa ruwa a faranti, ta manta ba namu ba ne. Ya juya ledar, ya karanta sunan, ya ajiye bai sha ba, ya tashi. Yanzu dangi kaf butulu suke kirana, har mahaifiyata ba ta amsa gaisuwata da kyau. Ni da nake tsare masa mutunci! In bar aikin ne, ko in je in durƙusa a kan laifin da ban yi ba?

Mai ɗacin rai, unguwar Bukan Sidi, Lafiya.

Amsar Anti Asama'u: Ɗana, na ji zafinka. A kan famfo kai ke da gaskiya. Amma Kawu ba mugu ba ne, tsoron rasa kasuwa yake yi, kuma hancin dila ba ma'auni ba ne. Ya kuma ji kunya a gidan ɗan da ya rena, wannan ciwo ne na gaske.

Ka je ka ba shi haƙuri a kan yadda ya gano, ba a kan aikinka ba. Ka tafi da babban da yake jin nauyinsa. Ka auna ruwan a gabansa, ya gani da idonsa. In maganin ya yi yawa ka rage, in bai kai ba ya bar ka ka ƙara. Sannan a sa wa famfon akwati da kwaɗo, mabuɗi a hannun mutum ɗaya. In ya ƙi, ka ajiye aikin, ka sanar da jami'an duba ruwa.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba: ka tsare yaranka, ka ci gaba da loda wa 'ya'yan wasu abin da ka hana naka. Su kuwa iyayensu ba su san su sayi na wani kamfani ba. Wannan ya fi kalmar butulu cancantar damun ka.

Allah ya daidaita ku, ya nuna mana ranar da Rekiya za ta miƙa wa Kawu ruwansa, yaranka su sha tare da shi.