Shuɗiyar Rigar Ɗakin Ƙwai

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririn. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai kewarku.

Yaya, an ba ni muƙami. Jiya Manajan gonar kajin nan ya shigo ɗakin da muke jera ƙwai a kiret, ya yi ta Turanci, sannan ya miƙo mini makulli da shuɗiyar riga. Kalma ɗaya na kama, wai "afoyin". Akawunmu ta ce ma'anarta naɗawa, da ita ake cewa an naɗa minista ko shugaban makaranta. Wai na sama ne yake nuna ka, babu ƙuri'a, kuma ba a tambayarka. Ni ma ba a tambaye ni ba.

Kowa ya zaci Anti Rediyo za a ba. Kin tuna ta, wadda ta samo mini aikin, nake kwana a ɗakinta. Tun zuwana duk wanda ya yi mini tambaya ita nake kallo ta amsa, har wurin mai shago. Na ji tsoron za ta yi fushi, sai ta naɗe mini hannun rigar don ta yi mini yawa, ta ce, "Ranki ya daɗe Minista, a riƙa tunawa da talakawa."

Ki gaishe da Inna sosai.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa, na ji daɗi da Inna ta fara taka ƙafar. Allah ya ƙara sauƙi.

Yanzu na gane aikin. Kullum in za a tashi, Manaja yakan leƙa bokitin fasassun ƙwai ya tambaye ni wa ya fasa. Da can a bokiti ake jefawa kowa ya yi gum, don ƙwai ai dole ya fashe. Akawu ta ce an zaɓe ni ne saboda ba ni da surutu kuma ba ni da ƙawayen da zan rufa wa asiri. Ta faɗa kamar yabo.

Idan na shigo, hira takan mutu. Ni kaɗai nake cin abincin rana a bayan tankin ruwa. Anti Rediyo ce kawai ba ta canza ba. Rannan Manaja ya tambaye ni wa ya fasa, na kalle ta, sai ta ce, "Kajin ne suka fasa, ranka ya daɗe, a kore su." Kowa ya yi dariya ban da shi. Dama yana jin haushinta, don ta dame shi da maganar tayar baron da muke tura ƙwai, wadda take rawa.

Ki sa ni a addu'a.

Auta

Yaya,

Ina gaisuwa.

Tayar nan ta fita. Baron ya kife a bakin ƙofa, ƙwai ya malale har ƙarƙashin tebur. Babu laifin kowa, na gani da idona. Manaja ya jera mu, ya tsaya a gabana ya ce, "Wa ya yi?" Maganar tana bakina, Yaya, wallahi tana bakina, amma ta ƙi fitowa. Sai na yi abin da na saba. Na juya na kalli Anti Rediyo don ta faɗa masa taya ce.

Ya bi idona ya ce, "Na gode." Kafin ta buɗe baki ya ce ta ajiye safar hannu ta fita.

Washegari na je ofishinsa, na tsaya har ƙafata ta gaji, na samu na ce taya ce. Bai ɗago ba. Ya ce ya naɗa ni in nuna, na nuna, magana ta ƙare. Ranar aka gyara tayar.

Anti ta ɗaure kayanta ta koma wurin gwaggonta. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta bar mini katifar, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Ashe kin iya magana, Minista. Da ido." Na bi ta har titi ina kuka, na kasa haɗa kalma biyu, ga shi babu wanda zan kalla ya faɗa mata.

Na mayar da makullin, Akawu ta ƙi karɓa, ta ce wanda ya naɗa shi ke saukewa. Yanzu idan Manaja ya yi tambaya ƙasa nake kallo. 'Yan ɗakin suna raɗa wai saura ƙasa a kora.

Don Allah ki gaya wa Inna ta daina faɗa wa maƙwabta an naɗa ni.

Ƙanwarki,
Auta