Ban Iya Yi wa Jikata Wanka Ba

Banifandu, Yamai

Zuwa ga Yaya Tabawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewar yayarta, da fatan ke da Alhaji Mamman da yara kuna cikin ƙoshin lafiya a Abijan. Allah ya ƙara muku rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana Malam Nassirou na nan yana fama da aikin lakwal, wato makaranta, ɗiyata Safiatou kuma ta samu sauƙi sosai tun bayan haihuwarta, jaririyar sai ƙiba take yi. Sunan Innarmu aka sa mata, muna kiranta Ummi.

Yaya, na zaɓi in rubuto ne domin a tarho kullum ce miki nake lafiya lau, muryata ba ta iya faɗin sauran. Kin san ciwon jikin nan da na daɗe ina kuka da shi. Yau kafaɗa, gobe ƙugu, jibi kamar an zuba mini garwashi a tafin ƙafa. In kwanta barci, in tashi kamar wadda ta wuni daka. An ɗebi jinina, an yi radiyo, wato hoton ƙashi, kowane sakamako ya fito fes. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, wata a cikin dangin Malam har cewa ta yi son jiki ne kawai. Na sha rubutu, na sha saiwoyi, daga baya ni kaina na fara zargin kaina.

Da Safiatou ta dawo gida wankan jego, na yi murna irin wadda ban taɓa yi ba. Na sayi sabon baho, na tanadi itace. Ranar da zan fara yi wa Ummi wanka, na zauna a kujera ƴar tsugunno, na ɗora ta a ƙafafuna yadda Inna ta koya mana. Ina ɗaga ta in juya bayanta, sai hannuwana suka mutu. Na ji tana sulɓewa, jikinta duk sabulu. Allah ya sa maƙwabciyarmu Hamsatou, wata Bazabarma mai kirki, tana tsaye kusa, ita ta cafe ta. Na shiga madafa na rufe ƙofa, na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar Baba. Tun ranar Hamsatou ke yi wa uwa da ɗiya wanka, ni kuwa sai miƙa tawul.

Wannan ne ya sa Malam ya kai ni wurin wata likitar gaɓoɓi. Ta saurare ni har na gama, ta danna wurare a wuyana da bayana, duk inda ta taɓa sai na zabura. Ta ce sunan ciwon fibiromiyalji, wai jijiyoyi ne ke kai saƙon zafi fiye da kima, shi ya sa ba ya fitowa a gwaji. Ta ce ba ya kisa, amma ba ya tafiya, sai dai a koyi zama da shi. Da ta ce ta yarda ciwon gaske ne, sai hawaye suka zubo mini. Malam ya sunkuyar da kai, a hanya ya roƙe ni gafara, ya ce shi ma ya taɓa shakka.

Yanzu ina shan magani, ina ɗan takawa da safe kafin rana ta yi zafi. Wata rana da sauƙi, wata rana ko zane nauyi yake mini. A zaune nake salla, kuma mantuwa ta sa har sai in rasa raka'ar da nake ciki. Safiatou kan sa matashi a cinyata ta kwantar da Ummi a kai. Jiya yarinyar ta damƙe yatsana, zafin ya kai har kafaɗa, amma ban janye ba har ta yi barci.

Roƙona ɗaya ne, Yaya. In da hali, ki zo kafin arba'in, ki yi wa ɗiyarki Safiatou da jaririyarta abin da ni na kasa. Hamsatou ta yi iya ƙoƙarinta, amma ina son hannun gidanmu ya taɓa yarinyar nan.

Ki gaida Alhaji Mamman, da Sadiƙ da matarsa, da auta Fa'iza. Malam da Safiatou suna gaishe ku. Ki sa ni a addu'a.

Taki ƙanwa,
Zuwera