Sifika a Bakin Randa

Kusada, tsakiyar damina, 1976

Zuwa ga Dawuda, a Fatakwal.

Haulatu matar malamin asibiti ce ke rubuta mani. Sunan da ka gani a sama ita ta sa da hannunta, ka san ba a jin sunan ɗan fari a bakina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lahiya, kai da abokan aikinka na wurin mai. Mu nan sai godiya, ruwa na sauka, gero ya yi kyau.

Maganar sifikun nan biyu ce da ka kawo mani. Ka tuna kahin su zo, in ka aiko kaset sai in manna rikoda a kunne, in ji ka kamar sauro, sai wani ya maimaita mani ya rage abin da ya ga dama. Da su ne na fara jin ka da kaina.

Da fari cikin jere na sa su, tsakanin tasoshi. Ana kunnawa duk murafai suka ɗauki rawa, sai na sauke su ƙasa jikin bango na rufa masu ɗankwali. Ashe gara ta gode. Ta bi ta ƙasa ta cinye gindin akwatunan, yanzu in an kunna sai karkarwa kamar mai zazzaɓi.

Baffanka Ɗanmaliki ya zo ya gani. Ya ce dama ɗakin ƙasa ba wurin kayan Turawa ba ne, tsohuwa kuma ba ta riƙon inji. Wai bayan salla zai zo da mota ya kai su shagonshi na Kankiya mai daɓen siminti, in kaset ya zo in hau mota in je in saurara. Ka ji fa, maganar ɗana a gaban masu tayin atamfa. Kai dai kada ka ce mashi komi.

Ka gaida mai gidan da kake haya.

Turai


Kusada, bayan ƙaramar salla

Zuwa ga Dawuda.

Gaisuwa da fatan an yi salla lahiya, Allah ya maimaita mana. Ya jikinka, ya ruwan garin naku da ba ya ɗaukewa?

Zauna da kyau ka ji. Muna yara a Kaikai, in uwarmu Inno ta aike mu ɗibar ruwa, mukan tura kai cikin randar da ba komi mu yi waƙa, murya ta fito da kauri kamar ta ƙaton namiji. Har duka na sha a kan haka. Shi ya faɗo mani rannan ina wanke randa.

Ranar kasuwa na kai akwatunan wurin Amiru mai gyaran rediyo a Kankiya, wanda ke yi mani cajin batirin mota da nake kunna rikoda da shi. Na ce ya ciro mani baƙaƙen faya-fayan nan masu magana, da wayoyinsu. Ya ce Iya kashe su za ki yi. Na ce ai gara ta riga ni. Na auna faɗinsu da kara, na kai ma Zinariya mai ginin tukwane a Mawashi karan, na ce randa biyu nake so masu baki daidai wanga, da ƙaramar huda a gehe. Ta yi ta dariya, wai randa mai huda sai ni.

Da randunan suka fito daga gashi, Amiru ya zo a keke ya kifa kowane faifai a bakin randa, muka naɗe da tsumma, muka ɗaure da robar tayar keke. Na ɗora su bisa gammo, ɗaya gabas da gado, ɗaya yamma, nesa da tasoshi. Na shafe su da jar ƙasa, Haulatu ta saƙa masu huluna. Gara in ta isa ta ci gasasshen yumɓu.

Baffanka ya zo da motarshi kamar yadda ya ce. Na shimfiɗa mashi tabarma, na ce a sa sabon kaset ɗinka. Kana yin sallama ya amsa, har ya waiga ƙohwa yana gyara zama ya ba ka wuri. Matan gida suka ɓoye baki cikin mayafi. Ya tashi ya leƙa randa, ya taɓa cikinta ya ji tana motsi, ya daɗe a tsaye. Daga baya ya tambayi inda Zinariya take. Akwatunan da gara ta rage kawai aka sa mashi a mota, na ce ya sa su bisa siminti.

Da kowa ya watse na sake kunnawa ni kaɗai. Ka ce lahiyarka lau, amma na ji ka yi tari sau da yawa kana kauda baki. Da a da ne, wa zai maimaita mani wannan? Na ba direban Bube mai zuwa Fatakwal citta da kanumfari da zuma, ka dafa ka sha, kuma ka daina kwana da taga a buɗe.

Akwai sauran magana, amma na gaji. Haulatu, ajiye alƙalamin haka nan.

Allah ya yi maka albarka.

Turai