Kwamfutar Kwali

Ibadan, 9 ga Yuni, 1997

Yaya Surajo,

Assalamu alaikum. Ina gaida Baba da Inna da kowa a Dangora. Ƙafar Inna ta yi sauƙi? Ni lafiya lau nake, abincinsu ma na fara sabawa, ko in ce na haƙura.

Ka ce Baba ya cika kasuwar Ƙafin Maiyaki da labarin ina koyon kwamfuta, har yana jiran in bugo masa wasiƙa da ita. Yaya, takaici ya ishe ni! Ɗaya ce tak a makarantar nan, an lulluɓe ta da zane kamar gawa. Sai mun cire takalma mu shiga, mu kalle ta, mu fito. Malam ya sa kowa ya zana madannai a jikin kwali, a kai muke koyon bugu. Na haddace yadda ake kunna ta da kashe ta, har da manhaja iri biyu, mai tafiyar da na'urar da kuma wadda ake yin aiki da ita. Wata takwas, ko yatsa ban ɗora mata ba.

Don Allah ka aiko min da ƙuli-ƙuli. Baba kuwa ka lallaɓa shi ya karɓi rubutun hannuna, kwalina ba ya fitar da takarda.

Ƙanwarka,
Balaraba