Tukunyar da Umma Ta Aro

Zeytinburnu, Istanbul

Zuwa ga Baffa Memtimin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Reyhangul da yara. Allah ya sassauta maka ciwon gwiwar nan, ya sa sanyin ƙasarku ya bi ka a hankali. Mu nan lafiya, in irin zamanmu ana kiransa lafiya. Ƙanwata Gulziba ta shiga ajin ƙarshe, ni ina nan shagon ɗinkin fata. Umma tana ci, tana salla, waya kuma ba ta barin tafin hannunta. Takarda na zaɓa don in a waya ne zan ɗaga maka murya, kuma ba haka Baba ya rene ni ba.

Ran Talata ka kira Umma da murna. Ka ce majalisar ƙasarku ta kaɗa ƙuri'a, ta yarda abin da ake yi wa ƙabilarmu ta Uigur can gida kisan ƙare dangi ne. Ka ce duniya ta farka, sansanonin da ake tsare mutanenmu sun kusa buɗewa, yayanka zai fito, a dafa polo, shinkafar nan tamu mai karas, a gode wa Allah. To ga abin da ya biyo baya. Umma ta tafi gidan maƙwabciyarmu Inna Zorihan ta aro babbar tukunyarta, kuka ya hana ta bayani. Ka san tukunyar nan ba ta fita sai biki ko sadakar mamaci, kowa a layinmu kuma ya san ba mu da amarya. Kafin karas ya yi laushi unguwa ta ɗauka cewa saƙon rasuwar Baba ya iso.

Na dawo aiki bayan la'asar na tarar da takalma har kan matakala. Dattawa sun jeru sun fara karatu. Tsoho Osmanjan mai aski ya kamo ni yana ɗaura min farar ɗamarar makoki a ƙugu, ni kuwa na tsaya na bar shi. Zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba, Baffa: sanyi na ji a raina. Shekara huɗu ke nan da Baba ya koma garinmu Hotan duba Kaka aka karɓe fasfonsa. Ba murya, ba gawa, ba kabari. Na ce yau dai mun sani.

Sai ga Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu, Inna Zorihan ta tare ta da farin ɗankwalin takaba za ta ɗaura mata. Umma ta dubi ɗankwalin, ta dubi ƙuguna, ta ce a hankali, "Ba mutuwa aka yi ba, ƙuri'a aka yi." Osmanjan ya kwance ɗamarar, ya tambayi wace ƙasa ce, ya sa musu albarka, sannan ya ce, "To sun faɗi inda yake?" Aka ci abinci don tashi ba daɗi. Da zai fita ya dafa ni ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cin shinkafar da bai san ko barka zai yi ko ta'aziyya ba.

Washegari na nemo takardar majalisar taku na bi ta kalma-kalma da ƙamus, yadda na koya wa kaina duk abin da na iya. Kalmar tana ciki, ban musa ba. Amma ban ga inda ta tilasta wa wani yin wani abu ba, ban ga sunan mutum ɗaya ba. Suna suka raɗa wa abin, mu kuwa da ake yi wa mun san sunansa tun tuni. Ban raina tsayuwar da ka yi cikin ƙanƙara da hoton Baba a ƙirji ba, wallahi ban raina ba. Amma kai ka yi murna ka ajiye waya, mu muka kwashe kwanuka.

Inna Zorihan ta bar ɗankwalin saboda kunya. Umma ta ninke shi ta ajiye kusa da waya. Jiya tana yanka albasa ta tambaye ni ita matar aure ce ko mai takaba. Na karanta littattafan da ban san adadinsu ba, amma sai wajen liman na kai tambayar. Liman ya ce magana ce ta iyali, kai ne kuma babba yanzu. Ni raina ya fi karkata a yi sadakar ta huta, amma ina tsoron in binne ubana yana numfashi. In jira ka zaɓa, ka gaya mata gaskiya cewa kai ma ba ka sani ba. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka ƙara kiranta da labarin ƙuri'a.

Ka gaida Inna Reyhangul, da Ilyar da ƙanwarsa Mehray. Gulziba tana gaisuwa. Umma ma tana gaishe ka. Ta wanke tukunyar ta kife a kicin, ta ce in tambaye ka, ta mayar ko ta riƙe.

Ɗan yayanka,
Yalkun